Kayan Koyar da Ilmin Halittu da Fahimtar Ɗalibai: Abin da Bincike ya Nuna

1.0 Gabatarwa

Ilmin halittu, watau fannin kimiyya da yake nazarin abubuwa masu rai, wanda 'yan makaranta suke kira bayoloji, yana cikin darussan da ɗalibai masu ɗimbin yawa suke ɗauka a makarantun sakandare. Ta ƙofarsa ake shiga aikin likita da jinya da haɗa magunguna da aikin gona da lura da lafiyar dabbobi. Saboda haka yaron da ya kasa samun nasara a kansa lokacin jarrabawar fita sakandare, ƙofofi da yawa ne suke rufe masa a lokaci guda. Wanda kuwa ya ci jarrabawar ta hanyar hadda kawai, ba tare da ya gane abin da ya haddace ba, shi ma bai tsira da wani abin kirki ba, domin gobe zai zama uba ko manomi ko ma'aikacin asibiti wanda bai san yadda cuta take yaɗuwa ba, bai kuma san abin da shuka take bukata ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba abin da masu bincike suka gano game da kayan da ake koyar da wannan fanni da su, da yadda kayan suke taimakon ɗalibi ko su kasa taimakonsa. Za a kuma tsaya a kan matsayin harshe cikin al'amarin, tun da yake kowane littafi da kowane zane da kowane gwaji, sai da magana yake isa zuciyar mai koyo.

2.0 Mene ne Kayan Koyarwa?

Abin da ake nufi da kayan koyarwa shi ne duk wani abu da malami yake sanyawa tsakaninsa da ɗalibi don darasi ya fita sarai. A fannin ilmin halittu ana iya kasa su gida huɗu. Na farko su ne rubutattun abubuwa, kamar littafin karatu da jagoran malami da takardun aiki. Na biyu su ne hotuna da zane-zane, tun daga wanda malami ya zana da alli a kan allo har zuwa babbar takardar da ake ratayewa a bango da hotuna masu motsi na majigi ko kwamfuta. Na uku su ne siffofin kwaikwayo, kamar ƙwarangwal na roba ko zuciyar da aka gina da yumɓu. Na huɗu kuwa su ne ainihin halittun, watau ganye da fure da ƙwaro da kifi da sassan jikin dabba, tare da kayan da ake duba su da su, irin su madubin likita mai nuna abin da ido ba ya iya gani.

Galibin mutane sun ɗauka cewa muddin aka wadata makaranta da waɗannan kaya, to, koyo ya samu, domin an ce gani ya kori ji. Kamar yadda za mu gani nan gaba, bincike ya gaskata rabin wannan zato ne kawai.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Yunƙurin zamani na gyara kayan koyar da kimiyya ya samo asali ne daga gasar da aka yi tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat. Da Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 1957, sai hankalin Amurkawa ya tashi, suka shiga zuba kuɗi don sake fasalin darussan kimiyya a makarantunsu. A 1958 aka kafa wani kwamiti na masana ilmin halittu da malaman makaranta wanda aka fi sani da BSCS, kuma a 1963 ya fitar da littattafai uku da ake bambantawa da launin bangonsu. Mai shuɗin bango ya fi mai da hankali ga sinadaran da suke cikin jikin mai rai, mai rawaya ya tsaya a kan ƙwayar halitta da girman jiki, mai kore kuwa ya ɗauki dangantakar halittu da muhallinsu. A Ingila ma Gidauniyar Nuffield ta fara irin wannan aiki a 1962. Manufar duka biyun ɗaya ce, watau a rage hadda, a sa ɗalibi ya riƙa bincike da hannunsa kamar yadda masanin kimiyya yake yi.

Wannan iska ba ta daɗe ba ta kaɗo Afirka. A 1965 aka yi wani taro a Kano wanda daga gare shi aka ƙaddamar da shirin koyar da kimiyya a makarantun firamare na Afirka. Ɗaya daga cikin darussan shirin da suka yi suna an gina shi ne a kan ɗan ƙwaron nan da yake haƙa rami mai siffar mazurari cikin yashi don ya kama tururuwa. Yara sukan kamo shi, su zuba shi cikin kwano mai yashi, su yi ta gwada shi da tambayoyin da suka ƙirƙiro da kansu. Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1957, ta shirya littattafan haɗaɗɗiyar kimiyya na ƙananan azuzuwan sakandare a farkon shekarun 1970, wata cibiya kuma da aka kafa a Jami'ar Legas a 1968 ta shirya na manyan azuzuwa, ciki har da na ilmin halittu. A Zariya, Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare na jihohin Arewa a cikin shekarun 1970.

Ya kamata a tuna cewa tun kafin duk wannan an riga an gwada rubuta ilmin halittu da Hausa. Littafin Ikon Allah na Dokta R. M. East da Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1949, ya yi bayanin halittu iri-iri cikin Hausa mai sauƙi. Wannan ya isa shaida cewa tun tuni harshen yana iya ɗaukar wannan kaya.

4.0 Yadda Ake Gudanar da Binciken

Hanyar da aka fi bi wajen auna amfanin wani kayan koyarwa ita ce a samu rukuni biyu na ɗalibai masu kama da juna. Da farko sai a yi musu jarrabawa don a san inda kowa ya tsaya. Sa'an nan a koyar da rukuni ɗaya da sabon kayan, ɗayan kuma a koyar da shi yadda aka saba. Bayan an gama sai a sake jarraba su, a gwama sakamakon.

Hanyar tana da sauƙin faɗi, amma akwai ramuka a kanta. Idan malamin da ya koyar da rukunin farko ya fi ɗayan ƙwazo, ba za a san ko kayan ne suka yi aiki ko malamin ba. Idan an yi jarrabawar ƙarshe washegarin darasi, abin da aka auna shi ne tunawa ta ɗan lokaci, wadda kan gushe kafin ƙarshen zango. Haka nan ɗoki da yara suke yi wa kowane sabon abu yakan ɗaga makinsu na ɗan lokaci. Babban rami kuma shi ne, makarantar da take da kaya sau da yawa ita ce mai iyaye masu hali da malamai ƙwararru, saboda haka fifikon ɗalibanta ba lalle ne daga kayan ya fito ba. Don kauce wa wannan ne masu bincike suke zaɓen makarantun da za a ba kaya ta hanyar ƙuri'a. Duk wanda zai karanta rahoton irin wannan bincike, ya kamata ya fara tambayar yadda aka zaɓi ɗaliban da kuma lokacin da aka jarraba su, kafin ya amince da sakamakon.

5.0 Abin da Aka Gano

5.1 Littafin Karatu

A 1983 Robert Yager na Jami'ar Iowa ya duba littattafan kimiyya da aka fi amfani da su a makarantun Amurka, ya tarar cewa sababbin kalmomin fannu da suke cikin wasunsu sun zarce yawan kalmomin da ake sa ran ɗalibi ya koya cikin shekara guda idan baƙon harshe yake koyo. Ilmin halittu yana cikin fannonin da wannan nauyi ya fi dannewa, domin kowane sashe na fure da kowane ƙashi yana da sunansa na Latin ko na Girkanci. A 2000 kuma babbar ƙungiyar ciyar da kimiyya gaba ta Amurka ta auna littattafan ilmin halittu guda 10 na sakandare, ba ta sami ko ɗaya da ya cancanci babban yabo ba. Laifin da ta kama su da shi shi ne, sun cika shafuffuka da ƙananan bayanai da kyawawan hotuna har manyan ma'anoni suka nutse, kuma ba su kula da tunanin da yaro ya riga ya zo da shi ba.

Wani bincike da aka yi a yammacin Kenya ya fi kusa da halin da muke ciki, ko da yake a firamare aka yi shi, kuma ya haɗa da darussa da dama. A 1996 aka raba littattafan karatu ga makarantu 25 daga cikin 100, sa'an nan Paul Glewwe da Michael Kremer da Sylvie Moulin suka bi diddigin sakamakon, suka buga shi a 2009. Abin da suka gano shi ne, littattafan ba su ɗaga makin matsakaicin ɗalibi ba. Waɗanda suka amfana su ne yaran da dama can suna kan gaba a aji. Dalilin da masu binciken suka bayar shi ne, an rubuta littattafan da Ingilishi, wanda shi ne harshe na uku ga yawancin yaran, kuma da yawansu ba sa iya karanta shi da fahimta. Ashe ke nan kai littafi makaranta bai wadatar ba, sai an tabbata yaro yana iya buɗe shi ya gane abin da yake ciki.

5.2 Zane da Hoto

A wannan yanki na Kenya an kuma gwada manyan takardun zane na ratayewa, ciki har da na kimiyya da na kiwon lafiya. Daga cikin makarantu 178 aka zaɓi rabi aka ba su, rabi aka bar su, kuma ba a yi la'akari da halin makaranta wajen zaɓen ba. Rahoton da ya fito a 2004 ya nuna cewa babu wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin rukunonin biyu, alhali kuwa da aka gwama makarantun da dama can suke da irin waɗannan takardu da waɗanda ba su da su, sai ya zama kamar takardun suna da amfani ƙwarai. Wannan misali ne na ramin da aka ambata a sama.

Ba a ce zane ba shi da amfani ba. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya ya shafe shekaru yana gwaje-gwaje a kan yadda mutane suke koyo daga haɗin kalma da hoto, ciki har da darasi a kan yadda huhu yake aiki, ya tattara sakamakon a wani littafi a 2001. Ya nuna cewa bayani tare da zane ya fi bayani tsura, amma bisa wasu sharuɗɗa. Dole ne rubutun ya zauna dab da sashen zanen da yake bayani a kai, domin kada idon mai karatu ya yi ta kai-da-kawo tsakanin shafuffuka. Dole ne kuma a cire duk wani ado da labari mai daɗi wanda ba ya cikin ainihin darasin, saboda yakan janye hankali. Dalilin haka kuwa, hankalin ɗan'adam ba ya iya riƙe abubuwa da yawa a lokaci guda. Bisa ga wannan, zanen zuciya da malami ya yi a kan allo sashe bayan sashe, yana bayani yana zanawa, yana iya fin kyakkyawan hoto mai sunaye talatin da aka rataye a bango tun farkon shekara.

5.3 Ainihin Abu da Aikin Gwaji

A 2008 Ian Abrahams da Robin Millar suka buga rahoton darussan gwaji 25 da aka kalla a makarantun sakandare na Ingila, inda kayan aiki ba su yi ƙaranci ba. Sun tarar cewa ɗalibai suna aikata abin da aka umurce su da hannuwansu daidai, suna kuma ganin abin da aka so su gani. Amma da aka zo ga ma'anar abin da suka gani, sai aka ga kaɗan ne suke danganta shi da ilmin da ake son su koya. Abin da suka fi tunawa daga baya shi ne abin da suka yi, ko wani abin mamaki da ya faru. Malamai kuma sun fi ɓata lokaci wajen bayanin matakan aiki, suka bar tattauna ma'anar.

Alal misali, a ɗauki gwajin nan na neman sitaci cikin ganye. Akan ajiye shuka cikin duhu kwana biyu, sa'an nan a rufe wani sashe na ganyenta da baƙar takarda, a fitar da ita rana na wasu sa'o'i. Daga nan sai a tsinke ganyen, a tafasa shi, a jiƙa shi cikin sifirit mai ɗumi har korensa ya fita, a ɗiga masa aidin. Inda rana ta taɓa sai ya koma shuɗi mai duhu, inda aka rufe kuwa ba ya sauyawa. Yaro yana iya yin duk wannan ba kuskure, ya zana shi cikin littafinsa, amma idan ba a tambaye shi dalilin ajiye shukar cikin duhu tun farko ba, da abin da yake tsammanin zai faru kafin a ɗiga aidin, to, rini kawai ya gani. Tambayar da aka yi kafin gwaji da muhawarar da aka yi bayansa su ne suke mai da aikin hannu ya zama ilmi.

Wannan ya dace da abin da Scott Freeman, wani malamin ilmin halittu a Jami'ar Washington, da abokan aikinsa suka samu a 2014, da suka tattara bincike 225 da aka yi a jami'o'i a fannonin kimiyya da lissafi da injiniya. A azuzuwan da malami yake lacca ɗalibai suna saurare kawai, kimanin kashi 34 cikin 100 ne suke faɗuwa. A azuzuwan da ake sa ɗalibai su warware matsala su yi muhawara a tsakaninsu kuwa, masu faɗuwa kimanin kashi 22 ne.

5.4 Abin da Ɗalibi ya Zo da Shi

Masanin halayyar koyo David Ausubel ya yi nuni a 1968 cewa babu abin da ya kai sanin da ɗalibi ya riga ya mallaka tasiri a kan abin da zai koya, don haka wajibi ne malami ya fara gano shi. Bincike a ƙasashe da dama ya tabbatar da cewa yara suna zuwa aji da nasu bayanin a kan halittu, kuma bayanin yana da wuyar kawarwa. Mafi shahara shi ne zaton cewa shuka daga ƙasa take tsotso abincinta. Tun a ƙarni na 17 wani masani ɗan ƙasar da yanzu ake kira Beljiyam, Jan Baptist van Helmont, ya dasa reshen wata bishiya mai nauyin fam 5 cikin tukunya mai busasshiyar ƙasa fam 200, ya yi shekara 5 yana ba shi ruwa kawai. Bishiyar ta kai fam 169, ƙasar kuwa ba ta ragu da fiye da kimanin oza 2 ba. Shi ya ɗauka ruwa ne kaɗai ya zama itace. Daga baya aka gane cewa mafi yawan busasshen jikin bishiya daga iskar kabon yake, wadda ganye yake haɗawa da ruwa da ƙarfin hasken rana ya yi sukari. Yaron da bai taɓa fuskantar wannan tambaya ba yana iya rubuta amsar littafi a jarrabawa, ya fita yana nan a kan tsohon zatonsa.

A Sukotlan, Alex Johnstone da wani abokin aikinsa sun gano a 1980 cewa tafiyar ruwa cikin jikin shuka da ilmin gadon halitta suna cikin batutuwan da ɗalibai suka fi jin wuyarsu. Duka biyun abubuwa ne da suke faruwa inda ido ba ya kai. A Nijeriya, Peter Okebukola da Olugbemiro Jegede sun gwada wata dabara da Joseph Novak ya ƙirƙiro a Jami'ar Cornell a 1972, watau taswirar ma'anoni, inda ɗalibi yake rubuta muhimman kalmomin darasi, ya haɗa su da layuka, ya rubuta a kan kowane layi irin dangantakar da take tsakani. Rahotannin da suka buga a 1990 sun nuna cewa ɗaliban da suka yi amfani da ita sun fi takwarorinsu gane gadon halitta da ilmin muhalli, kuma fargabar da suke yi wa darasin ta ragu. Abin lura a nan shi ne, dabarar ba ta bukatar kome sai takarda da fensir.

6.0 Matsayin Harshe

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kusan kowane sakamako yana komawa ga magana: yaro ya karanta ya gane, ya yi tambaya, ya yi gardama, ya faɗi dangantakar wannan da wancan. Johnstone da J. Cassels sun nuna a 1985 cewa ko ga yaran da Ingilishi ne harshensu na gado, kalmomin yau da kullum da kimiyya ta ba wata ma'ana ta daban suna rikita su ƙwarai, ba kalmomin fannu kaɗai ba. To, ina ga yaron Gumel ko Tasawa da yake fama da Ingilishi ko Faransanci?

Gwajin da ya fi shahara a kan wannan a Nijeriya shi ne wanda Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara a 1970. An koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarabanci har shekara 6, ciki har da kimiyya, Ingilishi kuma aka koyar da shi a matsayin darasi mai zaman kansa. Sai da aka rubuta sababbin littattafai aka ƙirƙiro kalmomi kafin a iya yin haka. Rahoton masu shirin ya nuna cewa yaran ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba, kuma sun yi daidai da su ko sun fi su a sauran darussa. Akwai masu sukar cewa an ba ajin gwajin ƙwararren malamin Ingilishi na musamman, don haka ba harshe kaɗai aka auna ba, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. A Jamhuriyar Nijar an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 a Nijeriya ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa. A 2022 aka faɗaɗa tanadin zuwa shekara 6 na firamare, a 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke shi. Ko yaya manufa ta juya, yaro da harshen gidansu yake tunani, kuma malami yakan koma gare shi duk lokacin da aji ya yi tsit.

Sai dai ita ma Hausa tana da nata tarkon, kuma wajibi ne mai rubuta kayan koyarwa ya san shi. Kalmar jijiya ta haɗa hanyar da jini yake bi, da zaren da yake kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, har da saiwar itace, alhali ilmin halittu ya raba su sarai. Kalmar iri tana nufin abin da ake shukawa, tana kuma nufin jinsin halitta. Ƙwaro a bakin Bahaushe ya haɗa da gizo-gizo da kaska masu ƙafa 8, alhali masana sun keɓe wani rukuni ga masu ƙafa 6 kaɗai, kamar fara da sauro. Numfashi shi ne shiga da fitar iska, amma akwai wani aiki dabam da yake faruwa cikin kowace ƙwayar jiki, inda ake sarrafa sukari don a sami kuzari, kuma masu fassara sukan kira shi numfashi shi ma. Ita kanta ƙwayar halitta, wasu suna nufin ɗan mitsitsin ɗakin da aka gina jiki da shi, wasu kuma suna nufin abin da yake ɗauke da gado daga iyaye. Idan kuma malami ya ce taki abincin shuka ne, kamar yadda kowa yake faɗa, ya ƙara ɗaure gindin zaton nan da aka yi bayani a sama. Haka nan cewar da ake yi hali ko kama a jini suke tana sa yaro ya ɗauka cewa jini ne yake ɗauke da gado.

Maganin wannan shi ne a zauna a daidaita kalmomi, a ba kowace ma'ana sunanta, a kuma tsaya a kansa cikin dukan littattafai. Akwai harsashin da za a ɗora gini a kai. J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tare da takwarorinsu na kimiyya tun 1916, ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da sunayen itatuwa da tsuntsaye da ƙwari, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano kuma ta daɗe tana aikin ƙirƙirar kalmomi.

7.0 Kayan da Suke Ƙofar Gida

Tun da bincike ya nuna cewa tsadar kaya ba ita ce ma'aunin amfaninsu ba, malamin da ba shi da ɗakin gwaje-gwaje bai kamata ya naɗe hannu ba. Wajen mahauta zai sami zuciyar rago mai ɗakuna 4, da huhu da ƙoda da hanta. Cikin kududdufin damina akwai talibambam da zai nuna yadda kwaɗo yake rikiɗa, akwai kuma tsutsar sauro, wadda idan aka rufe ta cikin kwalba da ƙyalle yara za su ga ta zama sauro da idonsu, su gane dalilin da ake cewa a kawar da kwantaccen ruwa. Masara tana ɗauke da furen namiji a ƙololuwa da na mace a jikin kara, dabino kuwa namiji dabam mace dabam. Idan aka tuge wake ko gyaɗa za a ga ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwarsu, inda ƙwayoyin halittar da suke ƙara wa ƙasa ƙarfi suke zaune, kuma wannan shi ne sirrin haɗa wake da gero da manoma suka gada. Gawo da yake kaɗe ganyensa da damina ya yi kore da rani, da ƙuduji da yake manne wa saiwar dawa yana tsotse ta, kowannensu darasi ne cikakke.

Ko gadon halitta, da aka ce yana da wuya, ana iya kawo shi kusa. A zuba farin wake da jan wake daidai wa daida cikin jaka biyu, ɗaya a matsayin uwa ɗaya a matsayin uba, kowannensu mai rukunin AS. Yara su riƙa zaro ƙwaya ɗaya daga kowace jaka ba tare da dubawa ba, su rubuta, su mayar, har sau 100. Za su tarar ja da ja suna haɗuwa kusan sau ɗaya cikin huɗu, kuma wani lokaci sukan zo a jere. Daga nan za su gane cewa kowane ciki yana da nasa haɗarin amosanin jini, ba wai idan an haifi mai cutar guda ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Wannan sani ne da zai yi musu rana lokacin neman aure.

Sai dai a kula, kowane kwaikwayo yana da iyaka. Huhun da aka yi da gorar roba da balan-balan yana nuna aikin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, amma ba ya nuna motsin haƙarƙari. Ya kamata a tambayi ɗalibai su faɗi inda kwaikwayon ya yi daidai da inda ya saɓa, domin wannan tambayar kanta koyarwa ce.

8.0 Kammalawa

An ga cewa littafi yana amfanar wanda ya iya karanta shi ne, zane yana aiki idan an tsabtace shi daga tarkace an kuma haɗa shi da bayani, gwaji kuma yana zama ilmi idan an sa ɗalibi ya yi hasashe kafinsa ya yi bayani bayansa. Saboda haka hukumar da ta kashe kuɗi wajen sayen kaya, ta bar horar da malamai da gyara harshen littattafai, ta yi rabin aiki ne.

Nauyi biyu ne suka hau kan masu nazarin Hausa. Na farko, su haɗa kai da malaman kimiyya su daidaita kalmomin ilmin halittu, su rubuta ƙananan littattafan taimako da ɗalibi zai riƙa karantawa tare da na Ingilishi ko Faransanci. Na biyu, su auna waɗannan littattafai da ma'aunin da aka bayyana a sama, watau a zaɓi makarantu da ƙuri'a, a jarraba yara bayan watanni, a kuma buga sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Da irin wannan hujja ce za a iya tunkarar masu tsara manufofin ilmi, a yi magana a kan abin da ya fi amfanar yaron da yake zaune a aji.